Bashin Waya

Bara, da kuɗin makarantar yara ya taso, wani maƙwabcina a Tudun Wada ya tura min wata manhajar bashi. Lambar shaidar banki ta BVN kawai suka nema, kafin in shanye shayina naira dubu goma ta shigo. Da na biya da ruwanta, sai suka ɗaga min zuwa dubu talatin. Da haka suke bunƙasa. Yanzu daga Samaru har Sabon Gari, ɗalibai da 'yan acaɓa kowa ya tsunduma.

Na makara kwana uku kacal wajen biya, sai ga saƙonsu a wayar surukata cewa suna bina bashi. Kunya kamar in nutse! Tun 2023 Google ya hana irinsu leƙa lambobin mutane, amma tawa ba daga Play Store ta fito ba. Har yau in na je gaisuwa Hajiya sai ta ce, "Malam, an dai biya ko?"