Aikin gidan tarihi a filayen Saskatchewan

Masu tambayata wai me nake yi a gidan tarihin wannan ɗan garin na Saskatchewan, a Kanada, to ga shi. Rabin aikin ba da haƙuri ne. Duk wanda kakarsa ta rasu sai ya ɗora keken ɗinkinta a mota ya kawo mana, alhali ma'ajiyarmu ta cika maƙil. Ka ce wa dattijo ba wuri, ka ga idonsa ya kawo ruwa. Wallahi ba daɗi.

Kayan da ya zo da labarinsa kam ba ma mayarwa. Akwai wani akwatin katako da rubutun Yukren a murfinsa, igiyar da aka ɗaure shi da ita har yau tana jiki. Dokar filaye ta 1872 ce ta jawo baƙi irin masu akwatin nan: ka biya dala 10, a ba ka eka 160, ka zauna ka noma shekara uku, gona ta zama taka. Inda ba itace, sai su yanko ƙasa mai ciyawa kamar tubali su gina ɗaki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffin allunan bayaninmu, sun fara labari kamar filin ba mai shi. Ai 'yan ƙabilar Cree suna nan tun fil azal, da su masarautar Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar filaye da ake kira Yarjejeniya ta 6 a 1876. Muna sake rubuta allunan tare da dattawansu, kuɗin bugawa ne ke ja mana baya.