Lahadin Jibin Ubangiji

Yau an yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, a majami'armu ta ECWA da ke Jos, kuma daga inda nake zaune a cikin zumuntar mata na lura cewa bencinan baya, waɗanda matasa suka saba cikawa, kusan babu kowa a kansu. A gaba kuwa wani yaro ya kafa waya yana watsa sujadar kai tsaye ta Facebook, al'adar da muka fara a shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya sa aka rufe majami'u da masallatai, ba mu kuma daina ba har yanzu.

A lokacin sanarwa, sakataren ikilisiya ya ce baiko da zakka ba su ragu ba, domin mutane suna turawa ta asusun banki, sai fasto ya tashi ya tuna mana da Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗe mu kada mu daina taruwa. Na yarda da shi, amma ban ga dalilin ɗora wa wayar laifi duka ba. Ɗana da ke karatu a Ingila ba ya samun sujada da Hausa sai ta wannan hanya.

Da yamma na je gaishe da wata dattijuwa a unguwarmu wadda ciwon ƙafa ya hana ta fita. Jikarta ce ke kunna mata sujadar, idan akwai data kuma wayar tana da caji. Na tambaye ta ko hakan yana isar ta, sai ta ce, "’Yata, ina jin wa'azin, amma gurasa da ƙoƙo ba sa shigowa ta waya, sai fasto ya kawo mini da hannunsa."

Abin da ya fi damuna shi ne abin da jikar ta faɗa mini a bakin ƙofa, cewa yawancin ƙawayenta da ba sa zuwa, ba sujadarmu suke kallo ba. Manyan masu wa'azi na Legas da Abuja suke bi a YouTube, mutanen da ba su san sunayen ƙawayen nata ba, balle su zo musu jana'iza ko biki. Zan kai wannan magana taron zumuntar mata ranar Alhamis, domin mu raba gidajen da za mu ziyarta.