Kada ku ɓata da kowa saboda ɗan takara

Ƙannena samarin fada, tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da harkar jam'iyyu ta kwanta, ina jin wasunku na cewa Allah ya maido lokacin zaɓe su ma a dama da su. To gara mu yi maganar yanzu da rai ke kwance, don in kampanye ta taso ba mai jin kira.

Ku fara sanin cewa faɗan manya ba irin namu ba ne. A 1993 Mahamane Ousmane ya ci zaɓe da ƙawancen AFC, Issoufou ya zama faraminista, ba a ƙare 1994 ba ya aje aiki, jam'iyyarshi Tarayya ta koma ta haɗa kai da jam'iyyar Nassara wadda jiya-jiya ake yaƙa tare. Aka kawo Hama Amadou na Nassara faraminista a 1995, shi da shugaban ƙasa ba a ga maciji, har sojan nan Bare ya kifar da su duka a Janairun 1996. A 2011 Hama ya mara ma Issoufou baya a zagaye na biyu ya samu shugabancin majalisa, 2013 sunka raba gari, zaɓen 2016 kuwa yana gidan kaso a Filinge ya yi takara. Seini Oumarou da ya kara da Issoufou a 2011, shi ma a 2016 ya shigo ɓangaren masu mulki. Ba zaginsu nike ba, su lissahi suke, yau a rabu gobe a zamna tebur guda a raba kujerun minista, kuma ba wanda ke jin kunyar wani.

Mu nan ƙasa ne ba mu iya wanga lissahi ba. Ni nan na yi ma wani ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, wahala wadda ko mahaifina ban yi ma irinta ba, Allah ya yahe min. In rufe shagon ɗinkina da kayan mutane a ciki, in hau babur mu yi Tibiri mu yi Madarunfa har Tasawa wajen miting, abin da za a danƙa min jika biyu ne na mai da riga mai hotonshi wadda wanki guda fuskar ke kwaye. Ranar zaɓe ni ne delege, wato wakilinshi, a biron zaɓe tun asuba har aka gama ƙirga da fitila. Kwastomomi sunka gaji sunka kwashe yadinsu sunka kai wani wuri, wannan ma ban damu da shi ba sosai.

Abin da har yau ke cina shi ne taubashina. Tare munka tashi, kwano guda, shi yana wata jam'iyya daban. Da wasan taubasai aka fara, yana tsokanata ina ramawa, sai ran nan a gurup ɗin WhatsApp na dangi na saki wani odiyo ina zagin ɗan takararshi har na haɗa da shi kanshi, na kira shi maci amana mai sai da ƙuri'a, tsohi da surukai duk suna saurare. Aka yi mishi haihuwa ban je suna ba. Mu haɗu a masallacin Juma'a kowa ya kau da kai. Mutumin namu ya ci, ya tahi Yamai, lambar telehon ta canza, in ka je ƙofar gidanshi gardi ya ce Alhaji na hutawa. Ba a daɗe ba ya sauya sheƙa ya koma daidai wajen waɗanda na zagi ɗan uwana dominsu, aka ɗauke su hoto suna rungume da juna suna dariya. Taubashina ya turo min hoton ko kalma bai rubuta ba. Sai da tsohuwarmu ta tara mu ta yi kuka kahin mu gaisa, kuma gaskiya har yanzu hirar ba ta koma yadda take ba.

Ban ce ku ƙi zaɓe ba fa, ku yanki kat ɗinku ku je ku jefa ma wanda kunka ga ya fi dama. Amma kada ku rufe sana'a don miting, ɗan kabu-kabu ya lissafa abin da zai samu a wuni kahin ya bi ayari don jika guda. Kada ku rantse da Alƙur'ani kan gaskiyar mutumin da ba ku taɓa ciniki da shi ba. Kuma in ya shigo fada ya aje kuɗin shayi, ku tambaye shi me ya sani game da aikin da yake nema, don aikin depite yin doka ne da duba kasafin kuɗi da bin diddigin gwamnati, mu kuma mun maida shi mai biyan takardar magani da ragon suna, muna yi mishi layi da sassahe, to ina zai samo kuɗin in bai taɓa na jama'a ba?

Odiyo kuma ku yi hattara da shi ƙwarai. In rai ya ɓaci aje wayar ka tashi ka sha ruwa, don nawa har yau yana cikin wayoyin mutane, bara ma wani yaro ya kunna min shi a wajen ɗaurin aure yana tambayata wai da gaske muryata ce.