Ranar da na gane katafila sunan kamfani ne

Shekara uku ina yaron feloda a wani wurin ɗiban yashi da ke hanyar Jibiya, bayan garin Katsina, kafin maigidana ya yarda na hau kujera. Feloda ita ce babbar motar nan mai bokiti a gaba da ke ɗiban yashi. Aikinmu lodi ne. Tifa ta ja da baya ta tsaya, in kafa bokiti cikin tulin yashi, in ɗaga, in juye. Abin da majiya ƙarfi shida za su yi da shebur har su jiƙe sharkaf da gumi, injin ya gama kafin direba ya shanye shayinsa. Duk tsawon lokacin nan katafila nake ce mata, kamar yadda kowa ke cewa.

Wata rana maigida ya aike ni cikin gari sayen filtar mai. Na ce wa mai shago ta katafila nake so, ya miƙo, na biya, na hau acaɓa na koma. Filtar ta ƙi zama. Maigida ya ce:

"Kai yaro, wa ya ce maka wannan katafila ce?"

"Ranka ya daɗe, ai haka ake kiranta."

Ya sa tsumma ya goge wani ɗan farantin ƙarfe da baƙin mai ya rufe a jikin injin. Ashe ƙirar Japan ce, ga lambarta nan ɓaro-ɓaro. Yinin ranar tifa huɗu suka juya babu yashi, abin ya tsaya mini a rai.

Daga nan na shiga bin diddigin kalmar. Caterpillar kamfani ne na Amurka da aka kafa a 1925, bakinmu ya mayar da shi katafila, muka laƙaba wa duk wani babban inji mai ture ƙasa ko ɗibanta. A Turanci kuwa ma'anarsa gizaka, tsutsar nan mai cin ganye. Benjamin Holt, mai ɗaya daga cikin kamfanonin da suka haɗu suka zama Caterpillar, ya gwada tarakta mai tafiya kan sarƙa a Kalifoniya a 1904, aka ga tana jan ciki kamar gizaka, sunan ya bi ta. Tawa ma tayoyi huɗu gare ta, ba ta da sarƙa ko ɗaya!

Lodi, tifa da feloda duk daga Turanci muka aro su, kuma sun zauna daram a bakinmu. Har gobe katafila nake cewa in muna hira a wurin mai shayi. Amma lambar farantin nan na rubuta ta a takarda, tana cikin aljihun rigar aikina, ita nake miƙa wa mai shago.