Abin da Filin Jirgin Katsina Ya Koya Mini

Ƙaramin filin jirgi irin na Katsina yana da ranakun da za ka ji shi tsit, in ban da hirar direbobin haya da ke jiran fasinja. Aikina a wurin karɓar kaya ne, in ɗora a sikeli, in liƙa musu takarda. Da na daɗe ina yi sai na gane cewa jadawalin tashi da sauka ba shi ne ke juya filin ba. Garin ne ke juya shi, kuma ma'aikacin da bai san tarihin garin ba zai yi ta shan mamaki.

Jigilar maniyyata ita ce babbar makarantarmu. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34, kuma a wannan lokacin kowacce sai ta kwararo: Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-Ma, Mani, Daura. Maniyyaci ɗaya, 'yan rakiya mota guda, ana koke-koke ana neman gafarar juna. Sabon ma'aikaci yakan ce me ya yi zafi, tafiyar 'yan awoyi ce fa. Wani dattijo da na tarar a aikin shi ya warware mini. Ya ce, "Yaro, ba jirgin suke wa kuka ba. Kakanninsu a ƙasa suka tafi." Haka ne kuwa. Kafin jirgin sama, ta Barno da Chadi da Sudan ake bi, a yi shekaru a hanya ana noma ana ƙwadago don haɗa guzuri, wasu ma can suka yi zamansu, jikokinsu na Sudan har gobe. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya sauke farali a 1921, jirgin ruwa ya hau, ya bi ta Ingila. Tafiyar ta gajarce, sallamar ba ta gajarce ba.

Wannan ya sauya yadda nake tsayawa a gaban sikeli. Tsohuwa ta zo da yaji da garin kunu da dambun nama, kaya sun haura ƙa'ida. In ka ɗaga mata murya ka ɓata mata rana mafi girma a rayuwarta, kuma layin ba zai motsa ba. In ka rusuna ka ce, "Inna, bari mu rage wannan, 'ya'yanki su koma da shi gida, can ma akwai abinci," sai a gama cikin minti kaɗan, ka samu addu'a a kai.

Sunan filin kansa darasi ne, don sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa aka sa masa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya rasu yana shugaban ƙasa a watan Mayun 2010, aka kawo shi gida aka binne a maƙabartar Ɗanmarna, wadda ke ɗauke da sunan waliyyin malamin nan na Katsina. A watan Yulin 2025 kuma nan aka sauke gawar Muhammadu Buhari daga Landan, aka wuce da ita Daura. Filin da ke wuni da jirgi ɗaya ko biyu sai ga shi babu wurin ajiye jirage. Garin da ya haifi shugabanni, ya yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa a tsohuwar Kwalejin Katsina, dole filinsa ya zauna cikin shirin ranar da ba a sa mata rana ba.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Har yanzu Bakatsine da yawa, musamman ɗan kasuwa, mota yake hawa zuwa Kano ya tashi daga can, don jiragen sun fi yawa. Ni ban ga abin jin haushi ba, tsohon zance ne. Katsina ce a da matattarar ayarin da ke ratsa hamada ta Agadas, amma bayan jihadi, da Haɓe suka koma Maraɗi aka yi ta gwabzawa, fatake suka karkata Kano. Jiragen farko na sojan Ingila da suka taso daga Masar a 1925 ma Kano suka nufa. Shimfiɗa titin jirgi ba ya jawo ciniki shi kaɗai. Sai akwai abin da zai kawo mutum, da kwanciyar hankalin da zai bar shi ya kwana.

Shi ya sa in hazon hunturu ya hana jirgi sauka, baƙi suka yi cirko-cirko, nakan ba su shawarar su shiga gari. Su ga Hasumiyar Gobarau, su bi ta Ƙofar 'Yanɗaka inda Turawa suka shigo a 1903, mai hali ya ƙarasa Daura ya sha ruwan rijiyar Kusugu. Nakan karɓi lambar wayarsu, da an ce jirgin ya taso in kira su.