Talata, shiru iri biyu

Da safe ba wani abu. Shayi, kasuwa, takardun yara da har yanzu ban gama makin su ba.

Bayan la'asar ne Yaya ya leƙo, ya tarar da ni ina shirya darasin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga adadin Holan: Yahudawa kusan 140,000, 'yan Nazi sun kwashe wajen 107,000 zuwa sansanoninsu, waɗanda suka dawo da rai ba su wuce 5,000 da ɗoriya ba. Sai ya ce, "Ai mutanen ƙasar duk sun yi shiru ne. Da mutum ɗaya a kowane layi ya buɗe ƙofa, da an tsira." Na ce, "Yaya, buɗe ƙofa ai shi ne mafi sauƙi a cikin aikin." Ya yi dariya ya tafi masallaci, ni kuma maganar ta ƙi barina.

Ɓoye mutum ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ne. Abinci da kati ake saye, wanda ya ɓuya kuwa ba shi da kati, don haka sai an samu mai sato katunan daga ofishin rabo ko ma'aikacin da zai kawar da kai. Katin shaidar da aka fito da shi a 1941 yana da hoto da zanen yatsa, na Bayahude kuma an buga masa babban J, ga shi da wuyar kwaikwayo. Dole a samu likitan da zai zo da dare bai rubuta komai ba. In wani ya rasu a maɓoya, sai an san yadda za a fitar da gawa. Tari, kukan jariri, shanya da ta fi yawan mutanen gidan, kowanne yana iya tona asiri. A 1943 akwai 'yan farauta a Amsterdam da ake biya gilda 7.50, kuɗin Holan na lokacin, a kan kowane Bayahuden da suka kamo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka ɓuya an kama su.

Abin da ya fi tsaya min shi ne gidan renon yara da ke tsallaken Hollandsche Schouwburg, gidan wasan Amsterdam da 'yan Nazi suka mayar wurin tara mutane kafin a kai su sansanin Westerbork. Iyaye a wannan gefen titi, 'ya'yansu a wancan. Walter Süskind, Bayahuden da ke kula da gidan wasan, da abokan aikinsa sukan fara neman yardar iyaye, sannan a goge sunan yaron daga rajista, domin in lissafi bai cika ba kowa zai shiga uku. Wata uwar har 'yar tsana akan naɗe mata a bargo ta rungume a matsayin jaririnta. Henriëtte Pimentel, shugabar gidan renon, takan sa a miƙa yaro ta kan shingen baya zuwa kwalejin horar da malamai ta Johan van Hulst. Daga nan a fita da shi cikin kwando ko jaka, wani lokaci a daidai sa'ar da jirgin cikin gari, mai bin dogo a kan titi, ya tsaya ya tare wa masu gadi gani. Yara kusan 600 aka fitar haka.

To, fasinjojin wannan jirgi fa? Suna gani, ba su ce uffan ba. Wannan shirun ya ceci rai. Amma ɗan sandan da ya je ya ɗauko iyali daga gida, da ma'aikacin da ya ajiye rajista tsaf, da maƙwabcin da ya ja labule ya jira a kwashe kayan ɗaki, su ma shiru suka yi. Daga 1943 jirgin ƙasan Westerbork yawanci ranar Talata yake tashi zuwa sansanonin kisa na Auschwitz ko Sobibor, kuma direbobin ƙasar ne ke jan sa har iyaka. Ba zan haɗa shirun nan biyu a kwano ɗaya ba, kuma ba zan wanke na biyun ba. A Fabrairun 1941 ma'aikatan Amsterdam sun yi yajin aiki saboda kamen Yahudawa, aka murƙushe su cikin kwana biyu, saboda haka ba wanda zai ce ba a san me ake ciki ba.

Pimentel a Auschwitz aka kashe ta a 1943. Van Hulst ya kai shekara 107, ya rasu a 2018. Ranar da za a rufe gidan renon yara goma sha biyu ya iya ɗauka, kuma har tsufansa yana tambayar kansa me ya hana shi ƙara ɗaya.

Yaya ya dawo bayan isha'i da tsire. Na ba shi labarin yaran da jirgin cikin garin da fasinjojinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya, "Sauran yaran fa, nawa ne?"