Godiya bayan kammala gasar zanen filin golf ta sababbin hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An rufe gasa, alƙalai sun fitar da maki, kowa ya ga matsayinsa. Mu 'yan rukunin da muka shiga gasar zanen filin golf ta sababbin hannu a wasan kwamfuta na PGA Tour 2K23, mun ga bai kamata a watse haka nan ba a ce wa mutane an gode ba. Kofi dai bai zo gidanmu ba, amma alhamdu lillahi filin ya fito da ramukansa 18 cif, par 72 (wato yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi ya gama filin duka), kuma ana bugawa. Yabon gwani ya zama dole. Za mu bi waɗanda suka taimaka, mu faɗi abin da kowa ya gyara, don mai niyyar shiga ta gaba ya samu abin kamawa.

Ga wanda bai san wasan ba: kamfanin HB Studios da ke garin Lunenburg a Kanada ne ya ƙera shi. Ya fara fitowa a 2014 da sunan The Golf Club, a 2020 ya koma PGA Tour 2K21, wanda 2K23 ya biyo bayansa. Abin da ya riƙe mutane a kansa tun farko shi ne akwai sashen zane a ciki, inda za a ba ka fegi, ka sassaƙa ƙasa, ka shimfiɗa ciyawa, ka haƙa kwarin yashi, ka dasa itatuwa, sannan ka saki filin kowa a duniya ya buga.

Godiyar farko ta masu shirya gasar ce, Allah ya saka musu da alheri. Aikin sa-kai suke yi, ba mai biyan su. Abu biyu suka nanata tun ranar farko, kuma duka biyun sun ceci mutane. Na ɗaya, filin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa. In ka ga kuskure bayan ka danna, sai dai ka sake sakin wani da sabon suna. Saboda haka suka ce kowa ya fara fitar da na gwaji da wani suna daban, ya ɓoye ainihin sunan sai ranar ƙarshe. Na biyu, lokacin rufewa da agogon gabashin Amurka yake. Sha biyun dare a can ƙarfe biyar na asuba ne a Najeriya da Nijar lokacin bazararsu, ƙarfe shida in sun mayar da agogo baya da hunturu. Wanda bai lissafa wannan ba, ko dai ya yi gaggawar banza ko ya tarar an kulle ƙofa.

Sai tsofaffin hannu da suka zauna suka amsa tambayoyin da su kansu sun gaji da ji. Shawararsu ta farko ta ba sababbi mamaki: kafin ka taɓa komai, ka mayar da ma'aunin itatuwa da na tuddai da na ruwa zuwa sifili, ka goge ramukan da wasan ya zana da kansa. Dalili shi ne duk inda wasan ya shimfiɗa nasa titin ciyawa (hanyar da ƙwallo ke bi zuwa rami) ko nasa girin (dandalin da rami da tutarsa suke), yana daddaɓe ƙasar wurin da kansa, sai ka yi ta ɗaga tudu yana ƙin tashi, ko gefen ya fito da wani karyayyen layi kamar an yanka da wuƙa. Sun ce a sassaƙa ƙasar fegin gaba ɗaya tukuna, da babban buroshi mai laushin baki, ana ɗagawa ƙafa uku zuwa biyar a kowane dannawa, kafin a yanke inda rami ko ɗaya zai zauna. Ƙasa ce ke nuna maka ramin. Wanda ya fara zana ramuka a kan shimfiɗaɗɗen fili, daga baya ya riƙa cusa musu tuddai a gefe, filinsa kan fito kamar an jera kunyoyin rogo.

A kan jera ramukan ma sun yi mana gata. Tsarin da aka saba shi ne masu par 3 guda huɗu, masu par 4 guda goma, masu par 5 guda huɗu. Ba dole ba ne, amma sabon hannu gara ya tsaya nan. Abin da suka fi matsa mana a kai shi ne kada gajerun nan huɗu masu par 3 su yi tsawo ɗaya ko su fuskanci gefe ɗaya. In duk suna tsakanin yadi 170 da 185 kuma duk sun kalli arewa, sanda ɗaya ɗan wasa zai ɗauka sau huɗu, iska ɗaya zai lissafa sau huɗu. Aka buga mana misali da filin Muirfield a Sikotilan, inda ramuka tara na farko ke zagayawa ta waje, tara na biyu su juya ta ciki a kishiyar hanya, don haka da wuya ka buga ramuka da yawa a jere iska na kaɗawa ta gefe guda. Haka kuma tazarar girin zuwa dakalin bugu na gaba, wato inda ake fara buga rami na gaba. A wasan kwamfuta ba mai takawa da ƙafa, amma alƙali yakan ɗaga kyamara ya dubi fegin daga sama, in ya ga yadi 300 na banza tsakanin rami da rami, zai rage maki.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi kowa shan wahala, wato masu gwaji. Waɗannan bayin Allah sun buga fili ɗaya sau da yawa har suka haddace shi, kuma ba su ji nauyin faɗin gaskiya ba. Kusan duk abin da suka kamo a kan girin yake, dandalin da tuta take.

Wasan yana ba ka damar kafa tuta a wurare huɗu a kowane girin. Ramuka 18 sau huɗu, wurare 72 ke nan, kuma kowanne sai an durƙusa an duba shi. Idan aka kunna ragar da ke nuna gangara, girin yakan fito gida-gida kamar allon dara: kore inda gangarar ke da sauƙi, rawaya inda ta fara tsanani, ja inda ƙwallo ba za ta tsaya ba. Ƙa'idar da masu zane suka saba bi ita ce gidaje tara da ke kewaye da ramin, wato uku sau uku, kada a samu rawaya ko ja a cikinsu. Wannan kowa ya karanta. Abin da sababbi ba su lura da shi ba shi ne launin yana sauyawa da santsin girin. Ka duba a matsakaicin santsi ka ga kore shar, ka ji daɗi, daga baya ka ƙara santsi don filin ya yi wuya, ashe rabin gidajen sun koma rawaya ba ka sani ba.

Wani mai gwaji ya turo ɗan bidiyo da ya nuna haka ƙarara. Ƙwallo na ƙafa 12 sama da rami, ya taɓa ta a hankali yadda ya kamata. Ta zo ta goga bakin ramin ta wuce da taƙi ɗaya, ta yi kamar za ta tsaya. Sai ta ci gaba da silalewa, tana ƙara sauri, ta bar girin, ta faɗa kwarin yashi. Bugun ƙafa 12 ya zama bugun ceto. Ƙarƙashin bidiyon kalma uku kawai ya rubuta: tuta ta uku. Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Gyaran ba shi da wuya in an san shi. Ka tsayar da santsin da kake so tun kafin ka fara sassaƙa girin, ka kuma duba kowace tuta a mafi girman santsi, domin masu shirya wasa suna iya ƙarawa. Kusa da rami gangara kada ta wuce kashi biyu cikin ɗari, wato saukar ƙafa ɗaya a tsawon ƙafa 50. Tuta ta nisanci bakin girin da aƙalla taku huɗu, kamar yadda ake yi a filayen gaske. Sannan kada tsoron rawaya ya sa a mayar da girin faranti. Wannan ne kuskure na biyu, kuma a ganinmu ya fi na farko muni, don na farko yana ɓata tuta ɗaya, wannan kuwa yana kashe fili duka. Gangara mai ƙarfi tana da wurinta: tsakanin tuta da tuta, ta raba girin kashi-kashi, yadda wanda ya sauke ƙwallo a sashen da ba daidai ba zai ji a jikinsa. Don samun haka girin yana buƙatar girma, zurfin yadi 30 zuwa 35 ba ɓarna ba ne.

Ga alƙalai kuma, mun karanta bayaninku layi-layi, har da wanda ya yi ɗaci. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne tambayar da ɗayanku ya yi ta maimaitawa a kan ramuka masu par 4: me ɗan wasa zai yi tunani a kai idan ya tsaya a dakali? Sabon hannu yana ɗauka ƙunci shi ne wuya, sai ya matse titi zuwa yadi 22, ya sa yashi dama da hagu daidai inda ƙwallo ke sauka. Wannan ba ya bar wa kowa zaɓi, ka buga tsakiya ko ka sha kashi. Abin da kuka nuna shi ne a buɗe titin ya kai yadi 40 ko 50, a sa kwarin yashi ɗaya tak a gefen da ya fi daɗin shiga girin, sannan a karkata girin yadda wanda ya guje wa yashin zai tarar da wani yashin ko gangara a gabansa a bugu na biyu. Mai ƙarfin hali ya raɓi haɗari ya samu sauƙi, mai tsoro ya biya daga baya. Kuka ce a je a yi nazarin rami na 10 na filin Riviera a Amurka, wanda bai wuce yadi 315 ba amma ƙwararru na ta kokawa da shi, da rami na 15 na filin North Berwick a Sikotilan, wato Redan, mai girin a karkace da ke gangarawa daga gaban dama zuwa bayan hagu, da yashi mai zurfi a gaban hagu. Tun da mai zanen filayen golf C.B. Macdonald ya kwaikwaye shi a filin National Golf Links of America ake ta kwaikwayonsa, don haka ba abin kunya ba ne sabon hannu ya ara. Abin kunyar shi ne a ari siffa a bar gangarar, ƙwallo ta sauka a dama ta tsaya cik maimakon ta gangaro wajen tuta.

Kun kuma kama mu a kan yashin da ba a gani. In ɗan wasa ya tsaya a dakali bai hango kwarin ba, bai shiga lissafinsa ba. Gyaran shi ne a fara daidaita wurin, a zana yashin, a nutsar da tsakiyarsa ƙafa uku zuwa biyar da buroshi mai laushi, a ɗan ɗaga bayan kwarin, a kuma sauke ƙasar da ke gabansa har yashin ya bayyana. Daga nan a koma dakali a duba da idon ɗan wasa, domin daga sama komai yana da kyau. A ramuka masu hawa ma a tuna kowace ƙafa uku ta hawa tana ƙara kamar yadi ɗaya, saboda haka rami mai yadi 200 da hawan ƙafa 45 ya zama 215, kuma ƙwallon za ta sauka a kwance, tana buƙatar fili a gaban girin.

Akwai ɗan'uwa da ya gwada mana filin a tsohuwar PlayStation 4, shi ma ya cancanci godiya ta musamman. A kwamfuta mai ƙarfi komai na tafiya sumul, a wurinsa kuwa hoto na tsinkewa a ramukan da aka cika da dogayen ciyayi da duwatsu. A wannan wasan tsinkewar hoto ba ƙaramin abu ba ne, don saurin kaɗa sanda ake aunawa, in hoto ya sarƙe a tsakiyar bugu, ƙwallo ta karkace ba laifin mai bugu. Wasan yana da ma'aunin kaya da ke cika yayin da kake dasawa, kuma ciyayi ne suka fi cinye shi. Wanda ya ƙawata ramuka shida na farko son ransa, zai isa na 14 ma'auni ya cika, sauran su fito tsirara. Dabarar ita ce a bar dashe sai ƙarshe, a fara da manyan itatuwa a duk ramukan, sannan ƙananan, ciyayi su zo daga baya kuma a inda kyamara ke gani kawai: gaban dakali, bakin yashi, bayan girin. Iri uku ko huɗu na itace sun isa fili guda.

Ƙananan abubuwan da aka tsinto mana suna da yawa: dakalin da bai daidaitu ba, ruwan da gefensa ke shawagi sama da ƙasa, alamar saiti da aka bari tana nuna wa ɗan wasa cikin itatuwa, rana da aka sauke ƙasa don hoto ya yi kyau har inuwa ta rufe girin. Wanda ya ce a riƙa adana aiki da suna daban-daban kowane zama, saboda ɗaukewar wuta, Allah ya yi masa albarka.

Iyalanmu da suka jure zaman dare da ƙarar janareta, mun gode, Allah ya bar mu tare. Waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, muna taya ku murna, mun buga filayenku kuma alƙalai ba su yi son kai ba.

Filin da aka shigar gasa zai zauna yadda yake, tunda ba ya gyaruwa. Za mu saki wanda aka gyara da ƙarin lamba 2 a ƙarshen sunan, an sake sassaƙa girin na rami na 7 da na 13, an buɗe titin na 4, an rage ciyayin na 16. Duk wanda zai buga, muna roƙon ya zaɓi tuta ta uku a mafi girman santsi, ya turo mana abin da ya gani.